Sanusi, na sayi keke

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya, da amarya, da su Abba. Na san laifina, ba sai ka karanto min ba. Saƙonka na murya yau wata biyu ke nan yana zaune a waya, kullum sai in ce gobe, goben ta ƙi zuwa. Kai ma dai minti tara kana magana, huɗuba ce? Maganar filin nan da ka tambaya zan zo kanta a wani saƙon, amma bari in fara sauke abin da ke cina, don in ban faɗa wa wanda ya san tarihin ba, ba zai yi daɗi ba.

Na sayi keke.

Yi dariyarka ka gama, ina jira. Eh, ni ɗin dai da na rantse ba zan ƙara ɗora ƙafa a feda ba tun ranar da ɗan acaɓan nan ya kwashe ni da Ralin Baba, kai kuma maimakon ka ɗaga ni sai ka tsaya tsince gurasar da ta zube. Ban manta ba. Gwiwar ma ba ta manta ba, da sanyi ya shigo take fara yi min tuni.

Likita ne ya ce jinina na neman hawa, in riƙa motsa jiki. Wani abokin aikina Bajamushe ya ji, ya sa ni gaba sai da muka samo na hannu. Kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago irin na 'yan tsere, amma tayar mai kauri ce, da 'yan ƙananan haƙora, don burji da tsakuwa aka yi shi. Kada ka tambaye ni kuɗinsa, na san halinka, yanzu za ka juya shi zuwa naira ka ce da na sayi ɗan maraƙi. Da na gaya wa Umma a waya cewa keken giyarsa ashirin da biyu, sai ta yi salati ta ce dama abin da take gudu ke nan a zaman Turai. Sai da Maryam ta karɓi wayar ta yi mata bayani.

To ga abin da ya sa na iya hawa. Ka san Freiburg, garin da nake zaune a nan Jamus, a gindin daji take, wanda suke kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji. Daga ƙofar gidanmu minti goma sha biyar kwalta ta ƙare, ka tarar da ƙarfen da aka gitta a hanya da allon hana mota. Daga nan sai hanyar tsakuwa, daɓaɓɓiya, faɗinta ya ishi babbar mota, tana nannaɗe tsauni tana hawa. Ba don 'yan keke aka yi su ba, don masu fito da gungumen katako ne, amma kowa na da izinin shiga da ƙafa ko da keke, mai mota da mai babur ne kawai aka ce a'a. Sanusi, ranar farko na yi awa biyu ban ji hon ko ɗaya ba. Na kama kaina ina ta waiwaye, wuyana har ya ƙage, ina jiran abin da zai zo ta baya ya ɗebe ni. Babu kowa. Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, kamar ana tauna aya, sai numfashina, sai wani tsuntsu da ke ƙwanƙwasar itace. Wallahi sai da na tsaya na sauka, na rasa abin da ke damuna, ashe kafaɗuna ne suka saki. Shekara goma sha bakwai suna ɗaure ban sani ba.

Amma ka san Jamus, ko numfashi da dokarsa. A wannan jiha ta Baden-Württemberg akwai dokar da ta hana hawa keke a daji kan hanyar da faɗinta bai kai mita 2 ba, sai inda aka ware. 'Yan keke sun tsane ta, masu tafiyar ƙafa kuma suna riƙe da ita kamar gadon uba. Ni ban sani ba, na ga wata 'yar siririyar hanya ta yanke kwana na faɗa. Sai ga wani dattijo da sanduna biyu, ya tsaya a tsakiya, ya buɗe hannuwansa yana auna min faɗin hanyar da su, bai ce uffan ba. Na sauko, na ba shi haƙuri da guntun Jamusancina, na turo keken har babbar hanya ina jin idonsa a ƙeyata. Sak Malam Na'ibi in ya kama mu a bayan aji.

Af, wai da gaske ne Ɗanliti ya ƙara aure? A hoto na gani, ya sha babbar riga kamar an rataye ta a ƙusa. Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin rediyona ba. Ka ce ina taya shi murna, kuma ina nan da rai.

Yanzu ga babban labarin. Asabar ɗin da ta wuce na hau tsaunin Schauinsland. Kada ka wahalar da harshenka, ma'anar sunan kawai "leƙa ƙasa ka gani". Tsayinsa mita 1284, garin kuma bai kai mita 300 ba, ka ga hawan kusan mita dubu ke nan da cinyata. Dala ɗinmu da muke zuwa samansa muna haki, a nan suri ne. Akwai titin mota mai kwana-kwana da ke zuwa sama, akwai kuma wasu akwatuna masu tafiya a jikin waya da ke kai mutane tun 1930, ka zauna kamar sarki. Ni na ce ta daji zan bi.

Na fita bayan asuba da dabino, da gorar ruwa biyu, da burodi. Awa ta farko ina jin kaina, har da waƙa. Ta biyu na koma giya mafi sauƙi, ina neman wadda ta fi ta sauƙi babu. A nan ne wata tsohuwa, na rantse ta girmi Hajiya, ta wuce ni a kan keke mai batir, zaune ɗas, da kwando a baya, ta yi min murmushi ta ce saura kaɗan. Ƙarya take, saura da yawa.

Sai faci. Tayar baya ta yi fuuu ta kwanta. Na tsaya ina dube-dube, a raina ina neman inuwar da mai faci ke zama da bahonsa na ruwa, kamar Sale na bakin kasuwa. Daga ni sai itatuwa. Haka na kifa keken, na zare ƙafar, na ɓanɓare tayar da 'yan robobin da abokin nan ya cusa min a jaka, na bi cikinta da yatsa har na ci karo da ɗan tsinin dutsen da ya yi aikin, ƙarami kamar ƙwayar gero. Na sa sabon tub, na buga iska da famfon da bai fi tsawon cokali ba, sau wajen ɗari biyu, hannuna baƙi ƙirin da man sarƙa. Minti arba'in. Sale da ya gani da ya kore ni daga sana'ar, amma tayar ta tsaya.

Wani abu ya ɗan sosa min rai a hanyar. Akwai wuraren da za ka fito daga duhun kurmi kwatsam ka faɗa fili, kututture kawai da rana. Wani ƙwaro ne ke shiga ƙarƙashin ɓawon itacen yana cinye shi, kuma fari da zafin da aka yi a 2018 da shekarun bayanta sun raunana itatuwan har ba sa iya kare kansu, dole a sare a fitar kafin ya bazu. Gungume jibge a bakin hanya, an fesa musu lamba da fenti. Na tuna darbejiyoyin layinmu da aka sare don faɗaɗa titi. Su dai nan suna dasawa.

Azahar ta same ni kusa da sama. Akwai wani kwamin itace da aka fafe, ruwa na zuba a ciki daga bututu dare da rana. Na yi alwala, sanyin ruwan ya shiga har haƙorina. Na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa rigar ruwana a gefen hanya. Ina sujada ina jin ƙararrawar wuyan shanu daga can ƙasa, sai na ji kamar a rugar su Jauro nake. Wasu mata da miji suka zo wucewa, suka yi shiru da hirarsu har suka yi nisa. Da na sallame sai da na bi ƙafafuna da kallo, don dajin nan akwai kaska, kuma tasu tana sa ciwon da har rigakafinsa ake yi. Na yi allurar, kada ka gaya wa Umma ta tashi hankalinta.

Saman kuwa, itatuwan duk sun karkace gefe guda saboda iska, kamar tsofaffi a sahu. Ta yamma kwarin kogin Rhine a shimfiɗe, bayansa duwatsun Faransa. An ce in gari ya yi wasai har tsaunukan Alps na Suwizalan ake hangowa, ni hazo na samu, rabona ke nan. Na shiga wani ɗan gidan abinci in saka wa kaina da kek ɗin nan nasu mai suna, mai ceri da kirim. Allah ya taimake ni na tambaya, ashe barasar ceri ake zuba masa. Na ƙare da shayi da dabinona.

Abokin nan nawa ya ce ba banza ba keke ya karɓe ni a nan: wanda ya fara ƙera kakan keke, Karl Drais, ɗan wannan yanki ne na Baden, kuma ma'aikacin gandun daji ne. A 1817 ya fara hawa nasa a Mannheim, na katako, ba feda, da ƙafa ake turawa. Na ce ashe irin tuƙin da ka koya ke nan a keken hayar Ɗan'azumi, kafin ka afka cikin kwatar gidan liman.

Gangarowa ban iya ba ka labari, birki na riƙe har yatsuna suka sandare, ina karanta duk addu'ar da na sani. Kwana biyu ina sallah ina cije baki wajen ruku'u. Wata mai zuwa in Allah ya yarda tsaunin Feldberg nake hari, shi ne mafi tsayi a dajin nan, mita 1493, kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin.

Ka duba min, Ralin Baba na nan a zaure ko an ba 'yan gwangwan? In yana nan kada kowa ya taɓa, ka kai wa Sale ya duba shi, zan turo kuɗin. In kuma ka sami mai zuwa, a sako min kuka da yajin Hajiya, nawa ya ƙare tun azumi. Ban da kilishi, ƙwacewa suke a filin jirgi.

Ka gaida kowa da kowa, ka shafa min kan Abba.

Naka,
Habu