Barka da Yaro Mai Tambaya

Edita,

Ina koyar da makarantar Lahadi a wata ƙaramar majami'a a Wusasa. Kwanan baya wani yaro ya tambaye ni me ya sa Kirista ba ya yanka ragon hadaya kamar Ibrahim. Kafin in buɗe baki, wata dattijuwa ta daka masa tsawa, wai tambaya rashin bangaskiya ce.

Baba, da girmamawa, ban yarda ba. Mutanen Biriya, in ji Ayyukan Manzanni sura 17 a Littafi Mai Tsarki, kullum suna bincika Nassosi su tabbatar da maganar manzo Bulus kansa, kuma yabon su aka yi. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki da Hausa. Na ado ne?

Yaron dai mun buɗe Ibraniyawa sura 10 tare, inda aka ce hadayar Yesu sau ɗaya ta isa.

Wani malamin makarantar Lahadi,
Wusasa, Zariya