Kada a zubar da tsofaffin Kindle, Python na tafiya a kansu

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Ina so ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan Zango, musamman samarinmu da ke cewa rashin laptop ne ya hana su koyon rubuta manhaja. Ƙanena ya sayo wata tsohuwar Kindle, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, a kasuwar Circle da ke Accra, gefenta ma ya ɗan fashe, ni har dariya na yi masa na ce kai da ko jarida ba ka karantawa me za ka yi da allon karatu? Ya ce Yaya bari ka gani. Ashe Linux ne a cikinta, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, Amazon sun kulle ƙofar ne kawai, sai da ya yi mata abin da suke ce wa jelbrek, wato ɓalle kullen nan, sannan ya zuba KUAL (mai buɗe wasu manhajoji) da kterm (wurin rubuta wa na'ura umarni) ta igiyar USB, bayan nan ya ɗora Python, yaren da ake rubuta manhaja da shi.

Ran nan dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya kama mu a Nima tun magariba, wayoyi duk sun mutu, shi ko yana zaune a kan tabarma yana danna haruffa da yatsa ɗaya yana rubuta ɗan program da zai lissafa wa Umma kuɗin susu, wato adashe, wa ya zuba sidi nawa, wa zai kwasa wannan satin. Allon sai ya yi baƙi ya yi fari kafin amsa ta fito, akwai jinkiri kam ba ƙarya, kuma rubutu mai tsawo wahala ne, amma batirin nan sai ya yi makonni ba caji kuma babu TikTok da zai ɗauke wa yaro hankali, wannan ne ma ya fi burge ni wallahi.

Tun 2010 ƙungiyar Worldreader ta fara raba irin na'urorin nan a makarantu a nan Gana, ga kuma na gwanjo da ke shigowa, na tabbata da yawa suna kwance a durowa.

Gargaɗi ɗaya, in an yi kuskure wajen buɗewar na'urar tana iya sumewa gaba ɗaya, kuma a kashe mata Wi-Fi don kar ta yi ofdet ta sake kulle kanta. Wanda ke da tsohuwa a gida don Allah ya miƙa wa malaman makarantar unguwa, ƙanena ya ce shi zai koyar ranar Asabar kyauta.

Naku,
Mai karatunku daga Nima, Accra