Sanarwa: idan ɓarayi sun shiga gida

Assalamu alaikum ƴan'uwa. An sake haura gida a layinmu daren jiya, Allah Ya mayar musu da alheri.

Don Allah duk wanda hakan ta same shi, kada ya gyara ɗaki kafin ƴan sanda su gani. Ya ɗauki hoton inda aka fasa, ya kai rahoto caji ofis, ya sanar da mai unguwa da ƴan sintiri. Lambar gaggawa 112 ce.

Waya ta fi damuna. A rufe layi da katin banki nan take, domin da layin ake kwashe kuɗin asusu. Lambar IMEI tana jikin kwalin wayar, a ba ƴan sanda.

In an kama wanda ake zargi, kada a dake shi, a miƙa shi ga hukuma.