Kafin a yanke wa fiyano hukunci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da ma'aikatanka baki ɗaya, ya kuma haƙuri da zafin bana.

A fadarmu ta shan shayi a Bukoki aka miƙo mini jaridarku, aka ce in karanta, an taɓo ni. Sharhi ne da wani bawan Allah ya rubuta cewa fiyano ya cinye kiɗan Hausa, ya kori makaɗa daga gidan biki, ya bar mu da yaro ɗaya yana danna abu ɗaya tun la'asar har tsakar dare. Abokaina sun zuba ido su ga na hau sama. Ban hau ba, don rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin ne ya sa na ɗauki biro. Shekarata 17 ina cin abinci da wannan na'ura, da ita na yi aure, da ita nake biyan kuɗin lakwal na yara uku, saboda haka ina ganin ina da bakin magana.

Abin da muke haɗawa mu kira fiyano, ko kilabiye kamar yadda makaɗan Yamai suka fi cewa, ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai raka kansa: ka danna, ganga ta tashi, bas ya biyo ta, kai dai ka riƙa sauya yatsun hagu yana bin ka. Su Yamaha PSR da Korg Pa ke nan, su ne suka cika gidajen biki, su kuma marubucin yake nufi. Akwai kuma na dandali zalla, irin Nord Stage, jan nan da ake ƙerawa a Suwidin. Shi ba lasifika a jikinsa, ba ya kuma buga maka ganga ka fake a bayanta. Ɗaki uku ne a cikinsa: na fiyano na ainihi, na ogan, da na muryoyin da lantarki ke haɗawa. Abin da hannunka ya iya, shi za a ji. Sau biyu kacal na taɓa shi, na wasu baƙi ne da suka zo wasa, kuma a ranar farko na ji kunya, don cikin minti biyar ya tona mini asiri cewa hannuna na hagu malalaci ne.

Ɓangaren ogan ɗinsa ya fi tsaya mini a rai. Ma'auni tara ne a jere, kowanne daga 0 zuwa 8, gadon ogan ɗin Hammond da ya fito a Amurka a 1935. Kana ƙara wannan kana rage wancan kamar mai haɗa yaji, muryar tana kauri ko tana sirancewa alhali yatsanka bai bar wurinsa ba. Ga kuma kwaikwayon lasifikar Leslie mai juyawa: ka sa ta a hankali sautin ya riƙa lilo, ka sake ta da gudu ya kama makyarkyata. Babbansa mai maɓallai 88 masu nauyi ya kusa kilo 20, kuɗinsa kuwa sai a sayi fili a bayan gari. Nawa fiyanon kuwa mai raka kansa ne, mai maɓallai 61, wanda ɗan kabukabu zai yarda ya ɗauka tare da ni.

To ga inda nake so mai sharhi ya tsaya ya duba. A 1991 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da jerin muryoyi 128 da ake kira General MIDI, don waƙar da aka tsara a wannan na'ura ta yi amo iri ɗaya a waccan. A cikin jerin an ware gurbi takwas na kayan kiɗan al'ummu. Akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai banjo, akwai kalimba. Babu kalangu, babu gurmi, babu goge, babu algaita, babu kakaki. Wanda ya tsara na'urar bai yi ta da mu a zuciyarsa ba, mu muka same ta a kasuwa muka ɗauko. Shi ya sa idan mawaƙiya ta ce in sa mata algaita, shanai nake nema, mai lamba 112, don ita ma busa ce mai siririyar murya mai ratsa kunne. In rage mata amsa-kuwwa, in ɗan karkata ta da ƙafar lanƙwasa sauti da ke gefen hagu. Daga nesa sai a rantse algaita ce. Daga kusa, duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan salla ya san aro ne.

Ban gane zurfin wannan aro ba sai a wani biki a Tawa, shekara shida da suka wuce. Mun kwana a hanya, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, muka isa da ƙura har cikin kunne. Dangin amarya sun gayyato wani dattijo mai goge, aka ce mu raka shi waƙa biyu. Da hantsi muka zauna gwaji ƙarƙashin rumfa. Ya goga ƙaro a tsirkiyarsa, ya ja, na nemo inda muryarsa ta zauna na bi shi. Ba mu yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Yaro, sake taɓa ta ukun nan."

Na taɓa.

"Ta yi girman kai. Sauko da ita."

Na ce, "Baba, haka aka ƙera ta, ba ta sauka."

Ya dube ni, ya dubi na'urar, ya ce, "Duk tarin maɓallan nan, a ce babu na ladabi?"

Mutane suka fashe da dariya, ni kuwa zufa ta karyo mini. Sai na tuna wani shafi a cikin allon na'urar da na sha wucewa ban taɓa buɗewa ba, wanda ake gyara kowace murya ita kaɗai. Fiyano ya raba tsakanin murya da takwararta ta sama gida 12 daidai wa daida, kowane gida kashi 100. Tsarin Turawa ne, kuma yana da amfaninsa. Amma goge ba shi da gidaje, yatsa ne ke yawo a kan tsirkiya, kunne ke cewa tsaya nan. Na shiga sauke muryar kaɗan kaɗan, shi yana ja, ni ina ragewa, har na ga ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Ya sa na taɓa wata ma, ita ɗagawa aka yi. Da yamma da muka fara, wata tsohuwa da ke zaune kan tabarma ta miƙe ba wanda ya kira ta, ta yi guɗa, ta manna masa jika a goshi, ta juyo ta manna mini dala ashirin. Har gobe ban kashe dala ashirin ɗin ba. Gyaran kuma na adana shi a maɓalli na huɗu cikin takwas ɗin da ake ajiye shiri, yaran da ke ɗaukar mini kaya suna kiransa "na Baba".

Shekara 11 ina tare da wannan shafi ban sani ba. Kamfanonin nan har na'urori na musamman suke fitarwa saboda Larabawa da Turkawa, masu maɓallan sauke murya a fili, irin jerin PSR-A na Yamaha, domin makaɗan can sun nace sai an ba su muryoyinsu. Mu kuwa muka karɓi abin yadda ya fito daga kwali, muka tilasta wa mawaƙanmu su bi shi. Yawancin yaranmu a baƙaƙen maɓallai suke koyo, tunda biyar ne a kowane zagaye kuma waƙoƙinmu da yawa a kan murya biyar suke tafiya. Idan mawaƙi ya yi sama ko ya yi ƙasa, sai a danna maɓallin ɗaga sauti a ci gaba da wasa a wuri ɗaya. Ba haramun ba ne, ni ma da haka na fara. Amma mutum ya shekara goma a nan bai gusa ba, wannan kam lalaci ne.

Akwai wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ƴar roba mai ido biyu, na'urar tana auna tazarar lokacin da ke tsakanin taɓuwar na farko da na biyu, ta gane da ƙarfi ka buga ko a hankali, daga mataki 1 har 127. Nan ran kiɗan yake. Sai ka tarar yaro ya kashe wannan ji gaba ɗaya, wai don sauti ya fito da ƙarfi, kowace murya ta fito da tsawa ɗaya kamar ana sara itace. Ya ƙara da amsa-kuwwa har maganar mawaƙi ta narke. Idan mai sharhi wannan ya ji ya toshe kunne, ban ga laifinsa ba.

A kan kalangu kuwa na sallama masa. Na gwada duk dabarar da na sani. Na sa muryar ganga, na buɗe ƙafar lanƙwasa fiye da gida biyun da take zuwa da su, na yi ta murzawa. Ana samun wani abu mai kama da shi. Sai dai kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata yana saki, fatar tana hawa tana sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, har uwar ango ta ji an kira kakanta ba tare da an buɗe baki ba. Kuma idonsa na kan ƙafar mai rawa: ta yi sauri ya bi ta, ta ja baya ya jira ta. Gangar cikin na'ura ba ta ganin kowa, gudun da ka sa mata shi za ta riƙe har a tashi. Saboda haka yau shekara biyar ba na karɓar biki sai da mai kalangu a gefena. Ina kashe gangar na'ura in raba maɓallan biyu, hagu bas, dama ogan ko algaitar aro, shi ya riƙe mana ƙugun kiɗan.

Wannan yana rage mini abin da zan kai gida, kuma a nan ne nake ganin mai sharhi ya bar jaki yana dukan taiki. Mai biki ne ke zuwa ya ce yana da jika talatin, a yi masa kiɗa har dare. Jika talatin ba ta raba mutum biyar da kuɗin sono, wato kayan ƙara sauti, da na mota. Wa zai zauna a gida? Wanda na'ura za ta iya kwaikwayonsa ko da a gurguje. Mutumin da ya kashe dukiya a kan anko da ƴan hoto, ya zo kan makaɗa ya ce a yi haƙuri, shi ma a rubuta sunansa cikin waɗanda suka kori kalangu.

Ga masu sha'awar shiga sana'ar, wahalarta ba a kiɗa kaɗai take ba. Ƙurar hunturu tana shiga robar nan, sai maɓalli ɗaya ya mutu ko ya riƙa ihu shi kaɗai ko da lallaɓa shi ka yi. Magani a buɗe a goge, rigakafi a rufe da zane da zarar an gama. Kada a bar na'ura a rana a watan Afrilu. Kada a haɗa ta da gurup, wato injin ba da wuta, kai tsaye ba tare da abin daidaita wuta ba. Na taɓa yi, gurup ya yi tari sau ɗaya, na'urar ta mutu ta farfaɗo ta manta ɗaga sautin da na yi, mawaƙiya tana gabas ni ina yamma a gaban jama'a. Idan waya ɗaya ce za ta tafi wurin mai sono, a sa ta a ramin hagu da aka rubuta mono. Kuma a riƙa kwafe shiri a kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, a ajiye a gida.

Wani abin da sharhin ya tsallake shi ne na'urar nan ba baƙuwar jiya ba ce a ƙasar nan ta Nijar. Mamman Sani ya samu ogan ɗin Orla na Italiya tun shekarun 1970, ya ɗauki kiɗansa a kaset a 1978, kuma duk wanda ya tashi da rediyo da talabijin na ƙasa ya sha jin sautinsa tsakanin shirye-shirye ko bai san mai shi ba. Ogan ɗinsa bai kai rabin abin da ƙaramin fiyanon yara ke yi yau ba, amma ya zauna ya sa shi ya bi waƙoƙin ƙasar nan. A 2013 aka sake fitar da wannan kiɗa a waje, Turawa suka yi ta rububinsa.

Roƙona ɗaya ne, kuma ta jaridarku nake so ya isa. Na'urorin yanzu suna karɓar sautin da aka ɗauka a zuba musu. Muna da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a nan Yamai, inda marigayi Malam Mamman Barka ya yi aiki, mutumin da ya je har yankin tafkin Cadi ya koyo biram, wani tsohon abin kiɗa mai tsirkiya, don kada ya ɓace, kafin Allah ya karɓi ransa a 2018. Muna da gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu da aka san Tawa da ita. A tara dattawan goge da gurmi da algaita da suka rage, a biya su haƙƙinsu da daraja, a ɗauki sautin kayansu murya bayan murya, a rubuta yadda kowa yake ɗaure tsirkiyarsa, a raba wa masu fiyano tare da koya musu shafin nan da na shekara 11 ban buɗe ba. Dattijon Tawa, na ji labari, hannunsa ya fara rawa, bai cika fita biki ba yanzu.

Shi kuma mai sharhi, Malam Edita, ka isar masa da gaisuwata. Asabar mai zuwa muna da biki a Talaje bayan la'asar. Ya zo ya tsaya bayana, kusa da mai kalangu, zan danna masa na Baba in kuma danna masa na kwali, ya ji da kunnensa.

Naka,
Wani makaɗin fiyano,
Unguwar Bukoki, Yamai