Godiya ga ofishin da ya kai ni saman tudun Elmina

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Alhaji mai ofishin shirya tafiye-tafiye da ke Sabon Garin Zariya, da ma'aikatansa baki ɗaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Niyyata in zo ofis in yi godiya baki da baki, sai uwargida ta ce wadda aka yi a ɗaki a ɗaki za ta tsaya. Shi ne na zaunar da jikata ta buga mini wannan, don jama'a su ji.

Ni tsohon malamin tarihi ne. Shekara 32 na yi ina riƙe da alli, kuma ban san sau nawa na rubuta wa ɗalibai "Elmina, 1482" a kan allo ba, alhali ko teku ban taɓa gani da idona ba. Da muka yi ritaya, mu 11 tsofaffin malamai muka yi adashe don mu je Gana mu ga abin da muka daɗe muna koyarwa.

Alhaji, ranar da na zo biyan kuɗi ka lura ina ɗingishi. Wani zai karɓi kuɗinsa ya yi gum. Kai kuwa cewa ka yi, "Malam, akwai tudu a garin, in kana son ka hau shi sai ka fara tattaki tun yanzu." Daga nan kowace Asabar, har mako 6, ka sa bas ta kwashe mu bayan asuba zuwa gindin dutsen Kufena, ba ka karɓi ko kwabo ba. Abin kunya, a Zariya aka yanke mini cibiya, amma sai da na haura 60 na taka dutsen nan.

Ba zan tsawaita a kan hanya ba. Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, sai Ankara ta Gana. Katin rigakafin shawara da kuka nace kowa ya yi tun a gida shi ya fisshe mu a kan iyaka. Direba bai taɓa bari salla ta wuce mu ba. A hanya muka ci shinkafa da wake, mutanen Gana suna ce mata "wace", sunan da aka ce daga bakin Hausawan zango ya fito. Ta yi daɗi, sai dai yajin nasu ba na tsoho ba ne.

Mun isa Elmina ranar Talata, ranar da masuntan garin ba sa fita teku, don haka kwalekwale suka cika bakin ruwan Benya maƙil, kowanne da fentinsa da tutarsa. A ƙasa ga babban gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482. A sama, kan tudun Santiyago, ga wani farin gidan yaƙi yana leƙensa.

Tudun bai kama ƙafar Kufena a tsawo ba. Amma hanyar a miƙe take, ga rana, ga wani gumi na bakin teku mai danƙo wanda ba mu saba da shi ba. Ban kai rabi ba gwiwata ta ce atafau. Na zauna a gefen hanya na ce wa abokan tafiya su wuce, su ɗauko mini hoto.

Yaron da kuka haɗa mu da shi, wanda bai wuce sa'an autana ba, ya ƙi. Ya miƙa sauran ga mai yi wa baƙi jagora a wurin, ya dawo ya tsuguna gabana ya ce, "Baba, daga Tudun Wada muka ɗauko ka, ba a nan za mu ajiye ka ba." Ya zaro ruwa da dabino daga jakarsa, ya buɗe mini lema, ya miƙo mini kwagiri. Ashe tun daga Zariya kuka sa shi ya riƙo shi domina, ba ku faɗa mini ba don kada in ji nauyi. Taku 20, mu huta. Taku 20, mu huta. Bai duba agogo ba ko sau ɗaya.

Da na kai sama na juya, sai na yi shiru. Shekara da shekaru ina gaya wa yara cewa Turawan Holan sun ƙwace Elmina a 1637, suna rubutawa, suna cin jarrabawa, ashe ni kaina ban gane yadda aka yi ba. Daga kan tudun kana kallon babban gidan a ƙasanka, kamar wanda ya hau soro yana leƙen tsakar gidan maƙwabci. Nan Turawan Holan suka jawo igwa suka kafa, suka yi ta ruwan wuta har na ciki suka miƙa wuya. Kuma don kada wani ya yi musu abin da suka yi, sai suka gina wannan gidan yaƙi a kan tudun wajen shekarun 1660. Ba don ciniki aka yi shi ba, gadi kawai. Sun riƙe garin har 1872, lokacin da ya koma hannun Ingila. Na tuna ganuwar da magabatanmu suka zagaye Kufena da ita, na ce lallai su ma sun san ba a bar wa abokin gaba tudu.

Da yamma muka shiga babban gidan, muka ga ɗakunan da ake tsare bayi da 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. A nan ne kuma Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh a 1896. Babu wanda ya yi magana a bas da muka fito. Ni dai na san Zazzau ma ta yi nata cinikin bayi, kuma ban cika tsayawa a kan wannan babin a aji ba.

Da muka dawo, kuka kira mu kuka mayar wa kowa ragowar kuɗin masauki da ba a kashe ba, wanda mu ba mu ma san da shi ba. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya raya zuri'a, Ya ba yaron nan masu riƙe masa hannu ranar da tasa gwiwar za ta gaji.

Kwagirinku yana wurina. Zan kawo shi ranar Juma'a bayan masallaci, tare da ɗan goro, in ban canza shawara na riƙe shi ba.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, Tudun Wada, Zariya