Sojan da zai koma gandiroba ya san abin da zai ajiye a bakin ƙofa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da sojojin da ke shirin tuɓe kaki, musamman waɗanda ake ba shawarar su nemi aikin gandiroba. Shawarar ba ta da laifi. Birtaniya ma ta buɗe wa tsofaffin sojojinta hanya ta musamman zuwa aikin gidan yari, mai suna Advance into Justice. Sai dai masu ba da shawarar sukan ce "ai duk kaki ne", alhali bambancin yana da yawa.

Akwai abin da soja zai shigo da shi ya amfane shi nan take: kiyaye lokaci, jure aikin dare, da karɓar aiki ko miƙa shi a rubuce. Ƙashin bayan gidan yari ƙidaya ce. Ana ƙirga fursunoni da safe kafin a buɗe ɗakuna, da rana, da lokacin kullewa, kuma idan lissafi bai yi daidai ba, babu mai motsi sai an gano inda aka samu giɓi. Mutum ake ƙirgawa, ba tudun bargo ba, wato sai ka ga fata ko numfashi. Makullai kuma a ɗaure suke da sarƙa a ɗamara, ba a ajiye su a tebur, ba a kaɗa su a gaban fursuna, domin makulli ɗaya ya ɓata ko a kwafi siffarsa, sai an sauya duk kwaɗon da yake buɗewa.

Abin da zai ajiye shi ne bindiga, da halin da ta koya masa. Ƙa'idojin Mandela kan yadda ake kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, guda 122 ne, kuma ta 82 ta ce ma'aikacin da ke cuɗanya da fursunoni kai tsaye kada ya riƙe makami sai a yanayi na musamman. Dalilin a fili yake: mutum ɗaya ko biyu a tsakiyar gomman ɗaurarru, makamin da ke ƙugunsu na wanda ya riga fizgewa ne. Don haka makamin gandiroba bakinsa ne da idonsa.

A ɗauki fursunan da ya tsaya a bakin ɗaki ranar ziyara ya ce ba zai shiga ba. Wanda ya saba da bariki zai daka masa tsawa a gaban jama'a, fursunan kuwa ba zai iya ja da baya ba tunda 'yan ɗakinsa na kallo, sai ƙaramar magana ta zama tarzoma. Gogaggen gandiroba zai fara shigar da sauran, ya sassauta murya, ya tambaye shi me ya faru. Sau da yawa za a tarar wanda yake jira bai zo ba, ko an kawo masa labarin rasuwa. Kuma a tuna, da yawa daga cikinsu jiran shari'a suke yi, kotu ba ta ma same su da laifi ba.

Horon bariki ba shi da wuri a nan. Ƙa'ida ta 43 ta hana duka, da rage abinci ko ruwa, da ɗakin duhu, da hukunta ɗaki guda saboda laifin mutum ɗaya. Kulle mutum shi kaɗai awa 22 ko fiye a rana bai halatta ya wuce kwana 15 a jere ba. Ƙarfi kuwa sai don kare kai, ko hana gudu, ko a kan wanda ya bijire wa umarnin da doka ta yarda da shi, gwargwadon buƙata, sannan a kai rahoto ga shugaban gidan nan take. Wata hanyar da ake yin kisa ba da niyya ba ita ce a kifa mutum rub da ciki a danne bayansa: ƙirji ba ya samun buɗewa, numfashi ya tsaya cikin 'yan mintoci. Da an sa ankwa, a juya shi gefe ko a zaunar da shi.

Wani tarkon kuma a hankali yake kamawa. Fursuna yana da yini guda na nazarin halinka. Zai fara da yabo, "ranka ya daɗe, kai kaɗai ne mai tausayi a nan", sai roƙon a miƙa masa 'yar wasiƙa, sai cajin waya. Ranar da ka ƙi, ya tuna maka na jiya. Maganinsa a rubuta roƙon farko a kai wa na gaba, kuma kada a riƙa hirar iyali ko bashi a cikin gida.

Game da neman aikin, a fara tun ana sauran wata shida a bar soja. A tanadi takardar sallama mai nuna hali, da takardun asibiti da na kwasa-kwasai. Yawanci akwai jarrabawar rubutu, gwajin lafiya da ƙarfin jiki, ganawa, da binciken tarihin mutum. Ɓoye wani tsohon hukunci ya fi hukuncin kansa saurin kayar da mai nema. Galibi igiya ba ta bin mutum, saje mai shekara ashirin a aiki zai iya samun kansa ƙarƙashin yaro sa'an ɗansa. A nemi bayani a rubuce kan yadda sabon albashi zai shafi fansho. Tsawon horo ya bambanta, a Norway shekara biyu ne, a wasu ƙasashe 'yan makonni.

Wanda ya dawo daga fagen daga yana firgita cikin barci, ko ƙarar buga ƙofa na tayar masa da hankali, ya ga likita kafin ya cike fom. Gidan yari ƙofofin ƙarfe ne da ƙararrawa dare da rana, kuma mai aikin dare ne ke fara isa kan wanda ya yi yunƙurin rataye kansa, abin da ya fi faruwa a kwanakin farko na shigowar fursuna.

Wassalam,
Wasu masu bibiyar al'amuran gidajen gyaran hali