Sanarwa: batirin motar da ta daina fita kullum

Assalamu alaikum, dattawa ƴan fansho.

Tunda aka ajiye aiki, mota kan kwana shida a gareji, sai ranar Juma'a a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas. Yawanci batir ne.

Ku auna shi da mitar auna ƙarfin lantarki, inji a kashe: volt 12.6 lafiya lau, 12.2 ya sha rabi. Inji na aiki, a ga wajen 14. In bai kai ba, a duba altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, da bel ɗinta.

Farin garin nan na kan batir, ruwan zafi da tsohon buroshi sun isa. In za a cire wayoyin batir, a fara cire mai alamar (−), ita kuma ake mayarwa ƙarshe, kada sifana ta taɓa bodi ta yi tartsatsi.

Ɗumama mota minti 5 a tsaye, ɓarnar mai ce kawai. A hau titi da ita minti 30 duk mako.